Musayar Waƙa: Ina Ake Ajiye 'Yan Sulke?

Tsohon Sajan:
Salamu alaikum. Ga nawa kan rundunonin 'yan sanda na musamman, mai amsa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Waƙar mazan da ba sa gujewa.
In masu garkuwa sun kame gida,
Harsashi ta taga yana fitowa,
Mai kulki dole ya ja da baya,
'Yan sulke su ne ke kutsawa.
Hular kwano, garkuwa a hannu,
Da yatsa kawai suke zantawa.
Evans ya addabi attajiran Legas,
Kuɗin fansa yake tarawa,
A 2017 rundunar bin diddigi, IRT, ta bi sawu,
A Magodo ta yi damƙewa.

'Yar Fagge:
Baba Sajan, Allah ya ja kwana,
Ka bar wani shafi ba buɗewa.
SARS ma runduna ta musamman ce ai,
A 1992 aka yi kafawa,
Don 'yan fashi aka ba ta bindiga,
Wayar samari ta koma dubawa.
Ƙanena an tare shi da kwamfuta,
Sai da muka biya ya samu fitowa.
Oktoban 2020 aka rusa ta,
Da matasa suka ƙi watsewa.
Kwana biyu sai aka ce ga madadinta, SWAT,
Riga ko hali ake sauyawa?

Tsohon Sajan:
'Yata, ban musa miki ko ɗaya ba,
Amma akwai waɗanda ake mantawa.
Kaduna, Unguwar Sarki, 2012,
Leda a titi, jama'a na tsorata da taɓawa,
Sajan mai kwance bam ya matso,
Ba rigar kariya ta sanyawa.
Ya sunkuya zai leƙa cikinta,
Ko gida bai samu komawa.

Malam Na Zariya:
Allah ya ba mu ikon gyarawa. Ku ba ni wuri, dattijo da ƙanwata.

Jamus ta sha kunya a gasar Olympics ta Munich,
1972, duniya na ganewa,
'Yan wasan Isra'ila 11 suka mutu,
'Yan sanda sun gaza cetowa.
Sai ta kafa runduna ta musamman, GSG 9,
Horo kawai suke maimaitawa.
A 1977 aka sace jirgin Lufthansa,
Mogadishu ya yi saukawa,
Cikin dare suka fasa ƙofofi,
Fasinjoji suka fito da tsirawa.
Ba ka ganin su a shingen hanya,
Na goro ba sa tambayawa.
Takobin yaƙi kube ne gidansa,
Ba a ba shi albasa yankawa.

'Yar Fagge:
Malam, bakinka ya sha zuma!

To Baba Sajan, ga ta ƙarshe,
Mopol nawa ke gadin ƙauyawa?
A'a, suna bayan motar Alhaji,
Jakar Hajiya suke riƙewa,
Ƙauyen Zamfara na kiran ɗauki,
Sai gari ya waye ake zuwa.

Tsohon Sajan:
Wannan baitin ya fi ƙarfina,
Kurtu ba ya zaɓen wurin tsayawa.
Ki kai shi Abuja, hedikwata,
Can ake sa hannu a turawa.