Kamfanin da ke tafka asara, me ake saya a cikinsa?

Ɗan Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan hatsi ne a nan Gombe, shekara 14 ina harkar masara da wake. Ƙanena da ya gama jami'a ya sa min wata manhaja a waya, wai da ita ake sayen hannun jarin kamfanonin Amurka, ko da dala goma ce. Ya matsa min in zuba wani abu a kamfanonin intanet. Na ce to, nuna min ribar da suke ci. Ya buɗo min wani, bara asara, bara waccan ma asara, amma kuɗin hannun jarinsa ya ninka. Ni dai buhu na sani, in na saya da kaka ina zura hannu in ji ƙwaya. Shi wannan me mutum ya saya? Ko MMM ce ta sake riga?

Malamin Lissafi, Pantami:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba MMM ba ce, kamfanin yana nan da ma'aikatansa da cinikinsa. Sai dai masu saye ba ribar bana suke biya ba, wadda suke hasashen zai ci nan da shekara goma ce. Kamar ka sayi masara tun tana gona ba ta yi goyo ba.

An taɓa yin wannan zazzaɓin a Amurka. Ranar 10 ga Maris, 2000, ma'aunin farashin Nasdaq, kasuwar hannun jarin da kamfanonin intanet suka fi yawa a cikinta, ya haura 5,000. Kafin ƙarshen Oktoban 2002 ya gangaro wajen 1,100, kusan kashi 78 cikin ɗari sun bi iska. Akwai Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet (ka ji fa abin da mutane suka yi rububinsa), ya shiga kasuwa a Fabrairun 2000, Nuwamba ya rufe. Amazon ma, babban kantin intanet, hannun jarinsa ya faɗo daga sama da dala 100 zuwa wajen 6, amma shi ya tashi, ya fara cin ribar shekara a 2003. Ƙanenka labarin Amazon zai ba ka. Ka tambaye shi, da a 1999 yake, ta yaya zai bambance su?

Wanda ya fi ba ni tsoro Cisco ne, mai ƙera na'urorin haɗa intanet. Kamfani ne na gaske mai cin riba, amma wanda ya saye shi da tsadar Maris 2000 ya haura shekara ashirin bai ga farashin ya koma wurin ba.

Hajiyar Bolari:
Alhaji, ba sai an je Amurka ba. A 2007 kuɗin sallamar maigidana, Allah ya jiƙansa, muka zuba a hannun jarin wani banki, don kowa a layinmu yana saye. 2008 ta zo ta kwashe. Takardun suna nan cikin adaka. In za ka saka, saka abin da in ya tafi ba za a fasa ɗora tukunya ba.

Matashin Jekadafari:
Ku yi haƙuri iyayena, akwai waɗanda suka samu fa. Jumia ta shiga kasuwar New York a Afrilun 2019 a kan dala 14.50. Maris 2020 ta faɗo ƙasa da dala 3, Fabrairun 2021 ta haura 60. Wanda ya saya a ƙasa ya ninka kuɗinsa sau ashirin.

Ɗan Tudun Hatsi:
Yaro, wanda ya saya a 60 ɗin fa? Shi ma ɗan wani ne. Malam, Hajiya, na gode ƙwarai. Na ce wa ƙanen nawa ya kawo min lissafin cinikin kamfanin da bashin da ke kansa na shekara uku, mu zauna bayan isha'i. Kuɗin wake dai gobe Kumo za su.