Shin duk majinyacin da ke kwance sai an yi masa allurar tsinka jini?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, an yi mata tiyata, yanzu ko juyawa sai an kama ta. Matar gadon kusa da ita mai irin wannan karayar, kullum da daddare nas na yi mata wata 'yar allura a fatar ciki, wai Clexane, don kada jini ya daskare. Hajiya kuwa ba a rubuta mata ba. Na tambayi ƙaramin likita ya ce zai duba fayil, har yau shiru. Mantuwa ce ko akwai dalili?

Nas mai aikin dare: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Dalili zai iya kasancewa: in wurin aikin yana zubar jini, ko tana da gyambon ciki, ko ƙodarta ta raunana, likita kan dakata ko ya rage. Amma a faɗa miki mana. Gobe lokacin zagayen babban likita ki ce, "Ranka ya daɗe, an auna haɗarin daskarewar jininta?" Kafin nan ta riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa. In ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ki kira mu ko ƙarfe nawa ne.

Likitan Ƙashi: Ƙanwata, tambayarki tana kan hanya. Tsufa, karayar ƙugu, tiyata, ga doguwar kwanciya, duk sun haɗu a kanta. Jini kan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, sai a ji an ce "ai jiya lafiya ƙalau muka rabu". Galibi enoxaparin muke rubutawa, wato Clexane ɗin da kika ambata, miligiram 40 sau ɗaya a rana, kuma bayan aikin ƙugu ana ci gaba kusan wata guda, har bayan sallama.

Sanin kam kowane likita ya sani, tun muna ɗalibai ake karanta mana bayanin likitan Jamus Virchow kan abubuwan da ke sa jini daskarewa. Aiki da shi ne ke ba mu kashi. Binciken ENDORSE na 2008 ya duba majinyata sama da 68,000 a ƙasashe 32: cikin waɗanda ke da haɗarin, kusan kashi 59 cikin ɗari na ɓangaren tiyata ne suka samu rigakafi, sauran ɓangarori kuwa kusan 40. Wani tsoron zubar jini ke hana shi, wani kuma gani yake dangi ba za su iya sayen allurar ba, sai ya yanke musu hukunci bai tambaye su ba. Wannan na biyun ne ke ɓata mini rai. A Ingila tun 2010 aka wajabta wa asibitocin gwamnati auna wannan haɗarin ga duk babban da aka kwantar.

Baban Tagwaye: Mu man zafi muka riƙa murza wa tsohonmu da ƙafarsa ta kumbura.

Nas mai aikin dare: Don Allah Baba kar a sake. Ƙafar da ake zargin gudan jini a ciki ba a murza ta, hoto ake fara yi mata.