Masu sola a wajen sana'a, da wane kuɗi kuka sa?

Mai fiya wata, Kano: Salam 'yan uwa. Tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗin wuta na Band A (rukunin da aka fi ba wuta) naira 225 bil ke neman karya ni, ga kuɗin gas na janareta a gefe. Ina son sa sola amma kuɗin da aka yanka min ba abin da zan ɗauko lokaci ɗaya ba ne. Ku da kuka yi, ta ina kuka bi?

Mai injin casar shinkafa, Kura: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni banki na fara zuwa, wlh da na ji kuɗin ruwan sai na ɗauki hulata. Lokacin CBN kanta ta kai nata kashi 27.5, to kai ɗan kasuwa nawa za a ɗora maka? Kuma ba sa karɓar fanel ɗin a matsayin jingina, sai takardar fili ko ta gida, su ce ka gama biya cikin shekara biyu alhali solar ba ta dawo da kuɗinta ba tukuna. Na haƙura.

Mai gidan sanyi, Kaduna: Mu wani kamfani ne ya kafa da kuɗinsa a kan rufinmu, kayan nasu ne, gyara nasu, mu dai muna biya duk wata. Gaskiya mun huta da gas sosai. Amma don Allah duk wanda zai bi wannan hanya ya kai takardar wurin lauya kafin ya sa hannu, tamu ashe an ɗaure kuɗin da dala, muka sa hannu tana ɗari huɗu da wani abu, aka saki naira a Yunin 2023, kafin mu farga ta haura 1,500 kuma kifin da muke sayarwa ai da naira ake saya. Sai da aka sake zama.

Hajiya mai ƙanƙara da zoɓo: Ni murabaha na yi a bankin Musulunci, irin su Jaiz da TAJ duk suna yi. Su suka sayo kayan suka sayar min da ribar da muka daidaita tun farko, ba ƙari. Kafin alƙalamin kuma da kwasar adashi na biya.

Mai haɗa sola: Alhaji abin da ke cin kuɗin shi ne batir, ba fanel ba. In aikinka na rana ne fara da fanel da inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta NEPA) kawai, ka bar dare wa NEPA da janareta, batir ɗin litiyom ya biyo baya. Sannan a auna famfon borehol da injinan, suna jan wuta sosai wajen tashi. Lokacin hunturu kuma a riƙa wanke ƙurar, kar a ce mun sayar da jabu.

Tela, Maraɗi: Nan da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023 kowa ya ruga sola, ɗaiɗai muka riƙa sayen fanel, ba banki ba kowa.

Mai fiya wata, Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, su ma sun nemi takardar gida ne ko mai tsaya miki kawai?