Wa ya daina cin kwano ɗaya da 'yan'uwansa tun zamanin korona?

Ɗan Tibati:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina son kawo wannan magana, kunya ce ta hana ni.

Ina aji biyu a Jami'ar Gaundare lokacin da firaminista Dion Ngute ya ba da sanarwar rufe makarantu, ranar 17 ga Maris 2020. Kowa ya tattara ya tafi, ni ban da kuɗin mota, na zauna a Dang, inda jami'ar take, mu uku kacal a duk minisitenmu, wato gidan hayar ɗalibai. A Yawunde aka fara samun cutar ranar 6 ga watan, ga shi daga can jirgin ƙasa yake zuwa mana. Sai na sa wa raina cewa in ta iso, bayan Allah ƙarfin jikina ne kawai zai fitar da ni.

Na fara gudu bayan sallar asuba, zuwa bakin tafkin Dang in dawo. Minti talatin ne da farko, kafin azumi ya zo gudun ya kai awa biyu. Na bar sukari, na bar benye da wake, na bar duk abin da ya taɓa mai. Ɗanyar tafarnuwa nake tauna har bakina ya saɓule, in kora da citta da lemun tsami. Ina da ɗan littafi da nake rubuta duk abin da ya shiga cikina. Ranar da na kasa gudu, barci ba ya zuwa, in kwana ina taɓa goshina ko zazzaɓi ya fara.

Da ƙaramar sallah na samu na je gida. Inna ta kawo tuwo da miyar kuka, man shanu yana ta ƙamshi, muka zagaye kwano da Baba da ƙannena. Sai na ji bakina yana tambaya wane mai aka sa, a ware mini nawa daban. Baba bai ce uffan ba. Ya dube ni, ya wanke hannunsa, ya tashi. Har yau ina ganin wannan kallon. Jami'a ta buɗe 1 ga Yuni, amma ni sai da na kusa shekara biyu kafin na iya cin abin da wani ya dafa ba tare da gabana ya faɗi ba. Kilo 11 na zubar.

Ko akwai wanda ya shiga irin wannan?

'Yar Garwa:
Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi kamar labarina ka karanta. Ni a Marwa nake karatu, na dawo gida Garwa cikin zafin Afirilu, wanda kowa ya san shi. A ɗaki nake tsallen igiya, sau dubu da safe, dubu kafin shan ruwa, ina azumi. Nama, ƙwai, kindirmo, duk na yanke, saboda wani saƙon murya da aka yi ta turawa a WhatsApp wai suna sa majina, majina kuma tana riƙe cutar. Da buɗa-baki kowa na cin ƙosai da kunu, ni dafaffen zogale ba gishiri.

Ku gafarce ni maza, zan faɗa don mata su amfana: al'adata ta ɗauke wata huɗu. Na ɓoye, tsoron abin da za a zarge ni da shi ya fi tsoron ciwon. Sai da jiri ya kayar da ni a bakin famfo aka kai ni asibiti, aka ce jinina ya yi ƙasa sosai. Kakata ce ta zauna a kaina, tana gasa mini hanta tana ba ni a baki kamar jaririya, tana cewa, "Jikata, abin da ya raya uwarki ba zai kashe ki ba." Ina ci ina kuka.

Na Injamena:
Allah Ya ƙara sauƙi. Amma don Allah kada mu ɗora wa motsa jiki laifin duka. Ni lokacin dokar hana fitar dare, tafiyar ƙafa da nake yi bayan la'asar ce ta riƙe mini hankali, in dawo in ci abin da aka dafa. Abin da ya ruɗe mu a nan shi ne tazargade. Da shugaban Madagaska ya fito da maganinsa na korona, wanda aka haɗa da irin wannan ganye, a Afirilun 2020, abokin karatuna ya riƙa dafa ganyen yana sha kofi uku a rana har cikinsa ya ɓaci.

Anti Nas:
Ƙannena, na ji daɗi da kuka fito da wannan. Abin da Ɗan Tibati ya bayyana yana da suna, otoreksiya, wani likita ɗan Amurka Steven Bratman ne ya raɗa masa a 1997. Mai ita yawanci ba ƙiba ce ke damunsa ba, tsarkin abincin ne: yau ya haramta wa kansa wannan, gobe wancan, har abin da zai iya ci ya koma bai fi kala huɗu ba. Shi ya sa take da wuyar ganewa, don mutane yabonsa suke yi.

Na Injamena yana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, irin tafiya da sauri. Awa biyu kullum minti 840 ke nan, ga ciki babu abinci. Hukumar kuma ta faɗa tun lokacin cewa babu hujjar tafarnuwa tana kare mutum daga korona. Ke kuma ƙanwata, jiki in ya ga abincin bai kai aikin da ake sa shi ba, yakan dakatar da al'ada don ya adana ƙarfi, kuma in abin ya daɗe ƙashi yana yin rauni. Duk wadda ta ga haka ta je asibiti, ba abin kunya ba ne.

Yayar wani:
Ina karantawa hawaye na zuba. Ƙanena har yau yana ciki, ya gama jami'a amma tukunyarsa daban, ko biki ba ya zuwa. Mun yi faɗa, mun yi rarrashi, Mama har rubutu ta karɓo masa. Ɗan'uwa Ɗan Tibati, kai me ya fitar da kai?

Ɗan Tibati:
Yaya, faɗa bai yi mini komai ba, ƙara ɓoyewa na yi. Abokin ɗakina ne, Allah Ya saka masa. Kullum da magariba zai shimfiɗa tabarma, ya ajiye kwano tsakaninmu, ya ci nasa yana hira, bai taɓa cewa in ci ba. Wata rana ya tambaye ni, "Wai me kake tsoro ya same ka?" Nan na gaya masa yadda nake mafarkin an binne ni a Dang, Inna ba ta ga gawata ba. Shi ya raka ni wurin likita washegari, ya jira ni a benci har na fito. Lomar farko da na ɗauka a kwanon nan ta shinkafa da wake ce, hannuna yana rawa.

Ki fara tambayar ƙanen naki abin da ya gani ko ya ji a 2020, ki bar zancen abinci tukuna. In kina so ki gaya masa akwai wanda ya bi ta nan, a shirye nake in yi magana da shi.