Neman Shawara: Wane Rumbun Ajiya Zan Saya Don Bidiyon Bukukuwa?

Mai Kyamara, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Sana'ata ɗaukar bidiyo da hoto a wajen biki. Tunda na koma ɗauka da 4K, aiki ya fi ƙarfin cikin laftof ɗina, domin awa guda na ɗauka yana cin wajen giga 45. Kun kuma san bikinmu: kamu, yini, ɗaurin aure, ga dina da daddare.

Duk ayyukana suna cikin estanal (rumbun ajiya na waje da ake jonawa da kebul) guda ɗaya mai tera 2, irin ƙaramin nan da ke shiga aljihu. Kwanan nan ya fara abin da ba na so. Idan na fara tura fayil sai ya tashi da gudu, can sai ya sanyaya kamar ya tsaya. Shekaranjiya kuma na fara jin yana yin ƙas-ƙas daga ciki. Akwai bikin mutane a kansa da ban miƙa ba tukuna, kuma abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Ina son wanda yake da sauri kuma ba ya saurin lalacewa, aƙalla tera 4. Shin SSD zan saya, wato mai memori zalla, ko mai faifan da ke juyawa a ciki irin nawa? Wane kamfani ya fi? Kuɗin hannuna ba su da yawa, ba na son in saya sau biyu.

Baba Mai Gyara

Wa alaikumus salam. Yaro, bar maganar saye tukuna. Wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji, allurar da ke karanta faifan ce take fama. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka ari wani rumbun ka kwashe bikin da ba ka miƙa ba, shi za ka fara kwashewa kafin komai. Kada ka ɗauki babban folda gaba ɗaya ka jefa, ka riƙa tura shi kaɗan-kaɗan, mafi muhimmanci da farko. Idan ya maƙale yana ta ƙara, cire shi ka daina kunnawa, kowane kunnawa ƙara masa rauni yake.

Kada ka yi masa fomat ko da Windows ta ce ka yi. Kada ka sa shi a firji kamar yadda wasu ke cewa. Kada kuma ka bari wani ya buɗe maka cikinsa a kan teburin shago. Tazarar da ke tsakanin allura da faifai ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙurar Kano ɗaya ta isa ta karce shi. Kafin komai ma ka gwada canza kebul, domin bakin kebul ɗin waɗannan ƙananan yana saurin sakwarkwacewa, kuma idan wuta ba ta isar masa yakan yi irin wannan ƙarar.

Ɗan Studiyo

Oga, ka rabu da masu faifai kawai, zamaninsu ya wuce. Ka nemi Samsung T7, SSD ne. Yana kai wajen mega 1,000 a daƙiƙa, naka kuwa da ƙyar yake wuce 120. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, ko ya faɗi daga kan tebur ba ruwansa. Ni da shi nake tace aiki kai tsaye.

Injiniyan Zariya

Ɗan Studiyo ya faɗi gaskiya a kan gudu, amma ban yarda da cewa zamanin mai faifai ya wuce ba. Malam Mai Kyamara, matsalar tana cikin tambayar taka. Aiki biyu kake son na'ura ɗaya ta yi maka: wurin da za ka tace bidiyo da sauri, da wurin da za ka ajiye shi shekaru. Na farko aikin SSD ne. Na biyu aikin mai faifai ne, saboda kuɗin da za ka sayi SSD mai tera 4 zai iya saya maka masu faifai biyu masu girman haka, kuma biyun ne za su cece ka. SSD ma yana mutuwa, kuma shi sau da yawa ba ya yin ƙara ko gargaɗi, sai dai ka jona ka ga shiru. Ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Ba a kuma son a jefa shi a durowa shekara da shekaru ba a jona ba, musamman a wuri mai zafi.

Game da kamfani, kada ka wahalar da kanka. Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya da ke ƙera mai faifai: Seagate, Western Digital da Toshiba. Seagate ya sayi sashen masu faifai na Samsung a 2011, Western Digital kuma ya sayi HGST, sashen masu faifai na Hitachi, a 2012. Duk wani suna da ka gani a jikin kwali, Transcend ne ko ADATA ko LaCie, idan ka fasa za ka tarar da faifan ɗaya daga cikin ukun nan. Akwai kamfanin ajiya a Amurka mai suna Backblaze da ke fitar da rahoton rumbunansa tun 2013, dubban ɗaruruwa suke aiki da su. A 'yan shekarun nan abin da ke mutu musu a shekara yana tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, kuma bambancin da ke tsakanin samfuri da samfuri ya fi wanda ke tsakanin kamfani da kamfani. Su kuwa rumbunansu a ɗaki mai sanyi suke, ba a jakar da ke bayan babur ba.

Abin da ya kamata ka duba shi ne CMR ne ko SMR. A CMR kowane layin rubutu yana zaune daban a kan faifai. A SMR layukan hawa kan juna suke kamar jerin kwanon rufi, don a samu wuri da yawa. To idan za a gyara layi ɗaya dole a sake rubuta na kusa da shi. Shi ya sa suke ware wani ɓangare da ke karɓar kaya da sauri, idan ya cika sai gudun ya faɗi warwas. Abin da ka kwatanta na tashi da gudu sannan ya sanyaya, ya yi kama da wannan sosai. Galibin ƙananan estanal masu tera 2 zuwa sama SMR ne. A 2020 an yi ta hayaniya da aka gano wasu WD Red na Western Digital masu tera 2 zuwa 6 SMR ne ba a rubuta a jiki ba, daga baya kamfanin ya fito da Red Plus a matsayin CMR. Don haka idan babba za ka saya, mai inci 3.5, ka nemi WD Red Plus, ko Seagate IronWolf, ko Toshiba N300, ka sa shi a gidan estanal mai USB 3. Masu juyi 7,200 a minti suna ba da mega 200 da ɗoriya a daƙiƙa.

Ka kuma duba ramin da kake jonawa. Na USB 2 ba ya wuce mega 35 zuwa 40 komai kyan rumbun. Tera guda da zai ɗauki awa biyu da rabi a ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, a na USB 2 sai ya kai ka wajen awa takwas.

Hajiya Mai Makaranta

Ƙanena, ni ba injiniya ba ce, amma ni ke riƙe da sakamakon ɗalibai da takardun makarantarmu, kuma abin da zan faɗa maka ya fi sunan kamfani muhimmanci. Ko wane iri ka saya, in dai guda ɗaya ne, ba ka da ajiya. Akwai tsarin da ake kira 3-2-1, wani mai ɗaukar hoto ne ma irinka, Peter Krogh, ya yaɗa shi: kwafi uku na aikinka, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wurin daban. Wannan na ƙarshen mutane suka fi rainawa. Idan rumbunanka biyu suna cikin jaka ɗaya aka fizge jakar, ko shago ya yi gobara, Allah ya kiyaye, biyun sun tafi tare. Ni ɗaya yana ofis, ɗaya yana gida cikin akwatin ƙarfe, duk ranar Alhamis nake haɗa su.

Kuma ka tuna amanar mutane ce a hannunka, hotunan matan aure da 'yan mata a wajen kamu. Wanda kake yawo da shi ka sa masa makulli, Windows na da BitLocker a wasu nau'o'inta. Amma ka rubuta lambar buɗewa a takarda ka adana, in ta ɓata babu mai iya buɗe maka.

Mai Kyamara, Kano

Na gode ƙwarai. Baba, na canza kebul ƙarar ba ta daina ba, amma Alhamdulillahi bikin ya fita lafiya zuwa rumbun wani abokin aiki. Injiniya, abin da ke damuna da babban shi ne wuta. Na ga yana da nasa abin jonawa a soket, mu kuwa a unguwarmu ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Wani kuma ya ce in sayi akwatin da ke cin faifai biyu yana rubuta musu abu ɗaya, wai shi ke nan na huta.

Baba Mai Gyara

A nan ni da Injiniya za mu ɗan saba. Abin da ya fi kawo min rumbuna shago ba SMR ba ne, wuta ce da faɗuwa. Babban mai inci 3.5 yana shan wutar bolt 12 daga soket, idan aka ɗauke yana cikin rubutu, ko janareta ya yi tsalle, fayil na iya lalacewa, wani lokacin har allon da ke jikinsa ya ƙone. Ƙaramin kuwa daga laftof yake sha, batirin laftof ya tsare shi. In ba ka da UPS (batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke) ko inbata mai kyau, gara ka sayi ƙanana biyu masu tera 4 ko 5. SMR ɗin ba zai dame ka sosai ba in dai zubawa kawai kake yi ka ajiye, ka bar shi ya yi aikinsa da daddare. Abin da ba ya so shi ne a riƙa tace bidiyo a kansa ana gogewa ana sakewa, kuma ya cika maƙil.

Abu ɗaya da zan ƙara a matsayina na mai gyara: ƙananan Western Digital da yawa bakin USB ɗinsu a manne yake da allon faifan, idan ya karye sai an yi aiki sosai. Na Seagate galibi faifai ne na laftof da ɗan allo daban, ana iya zare shi a jona a wani gidan.

Injiniyan Zariya

Na yarda da Baba, in babu UPS ƙananan sun fi maka. Akwatin da aka ba ka shawara kuwa, RAID 1 ake kiransa, kuma ba ajiya ba ce. Yana kare ka ne kawai idan faifai ɗaya ya mutu. Idan ka goge folda bisa kuskure, ko bairos ya kulle fayilolinka, nan take abin zai faru a kan duka biyun. Rumbu biyu daban, wanda ɗaya yake a cire mafi yawan lokaci, sun fi shi amfani a gare ka.

Da kuɗin da ka ce kana da su, ga yadda zan yi: SSD mai tera 1 don aikin da ke hannu, masu faifai biyu don ajiya. In kuɗin ba su kai ba, SSD ɗin ne zai jira, ba faifai na biyu ba. Kuma kada ka goge memorin kyamara sai ka ga aikin ya zauna a wuri biyu.

Ɗan Kasuwar Waya

Yallabai, ni a kasuwa nake, bari in faɗa maka abin da ake yi. Akwai kwali sabo fil da tsohon faifan laftof a ciki. Akwai kuma masu kama da SSD da ake rubuta musu tera 8 ko 16 a farashin banza, cikinsu ɗan memori ne aka yi wa dabara yana nuna girman ƙarya. Yana karɓar fayil, sai ranar buɗewa ka tarar babu komai.

Ka je da laftof ɗinka, ka sauke manhajar duba lafiyar rumbu mai suna CrystalDiskInfo kafin ka fita, kyauta ce. Ka jona a gaban mai shago. Za ta nuna maka ainihin sunan faifan da awannin da ya yi yana aiki. Sabo bai kamata ya wuce 'yan awanni ba. Idan ta nuna shuɗi lafiya, idan rawaya ka ajiye musu kayansu. Ka duba layin 05 da C5, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, a sabo sifili ake so a lambar ƙarshen layin. Sai dai masu wayo suna iya goge awannin, don haka ka ɗauki lambar da ke jikinsa ka saka a shafin garanti na kamfanin, ka ga ko ta dace. In ka koma gida ka sa masa manhajar H2testw ta cika shi ta karanta, zai ɗauki lokaci mai tsawo amma ƙaryar girma ba ta tsallake ta. Ka yi wannan kafin kwanakin da mai shago ya ba ka na mayarwa su ƙare, kuma ka karɓi rasit mai lambar rumbun a rubuce.

Kada ka tayar da rigima idan mai tera 4 ya nuna 3.63, ko mai tera 1 ya nuna giga 931. Bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows, ba cuta ba ce.

Mai Kyamara, Kano

Allah ya saka da alheri. Zan fara da ƙanana biyu masu tera 4, SSD ya biyo baya. Saura abu ɗaya: wane irin fomat zan yi musu, kuma da hannu zan riƙa kwafa kullum?

Injiniyan Zariya

In Windows kaɗai kake amfani da ita, ka bar su a NTFS, ya fi jure yankewar wuta a tsakiyar rubutu. Sai in kana kai aiki wajen mai Mac ne za ka buƙaci exFAT. FAT32 kuwa kada ka kusance shi, ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4.

Don kwafi ka sauke FreeFileSync, ita ma kyauta ce. Tana kwatanta rumbunan biyu ta tura abin da ya ƙaru kawai. Ka zaɓi tsarin da ke ƙara sabo ba tare da goge tsoho ba, domin tsarin madubi yana goge duk abin da ka goge a na farko. Duk wata ka buɗe bidiyo biyu ko uku daga na ajiyar ka kalla har tsakiya, ka kuma duba launinsa a CrystalDiskInfo. Lokacin zafin Afrilu da Mayu kada ka bar shi yana aiki a kan katifa ko cikin jaka, ka ɗora shi a kan tebur inda iska ke bugawa, kuma kada ka ɗaga shi yana juyi.