Tankin faiba na tsohon jirgin ruwa yana narkewa, akwai gyara?

Baban Hanifa, Baltimore:
Salam jama'a. Don Allah masu harkar jirgin ruwa a nan Amurka ku ba ni shawara. Na sayi wani tsohon jirgin kamun kifi ƙirar 1978, tankin man na faiba ne a haɗe da jikin jirgin, to inji sai shaƙewa yake ta yi, in na canja filta ba a daɗewa ta sake toshewa da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, jiya bakanike ya buɗe ya ce bawul biyu sun maƙale, wai fetur ne ke cin tankin. Akwai abin da zan shafa a ciki ko dole sai an cire shi?

Abu Khalil, Houston:
Wa alaikumus salam. Bakaniken nan ya san aikinsa. Tun wajen 2006 da aka daina zuba sinadarin MTBE a fetur aka koma E10, wato kashi 10 etanol ne, tsofaffin jirage suka shiga uku, har irin su Bertram da Hatteras na da. Tankunan da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1980 da resin ɗin polyester, wato ƙaron da ke riƙe faiban, aka haɗa su, etanol kuwa narkar da shi yake, ya bi mai ya wuce filta tunda a narke yake, sai ya je kan bawul mai zafi ya daskare. Kar ka ƙara tada injin nan da man tankin. Kuma ka buɗe ƙasan jirgin ka shinshina, in ka ji warin fetur to bangon tankin ya fara yoyo, kar ka ko taɓa batir.

Maman Ilham:
Maigidana fetur ɗin REC-90 yake saya a marina, wato tashar jiragen ruwa, shi babu etanol, ya fi tsada dai. Ba zai yi ba?

Abu Khalil:
Hajiya zai yi in tankin bai taɓu ba tukuna. Nasa ya riga ya yi laushi.

Injiniya Kaduna:
Alhaji maganar shafe-shafe ka manta da ita kawai. Cikin tankin akwai shingaye masu hana mai kaɗawa, hannu ba ya kaiwa bayansu balle a kankare a busar, kuma faiban ya sha mai ya ƙoshi, duk abin da ka shafa ɓarewa zai yi ya sake toshe maka kafireta. A zuƙe man, a yanka daɓen jirgin, a sa tankin alminiyam ko na roba wanda aka yi don fetur, ka canja duk tiyo zuwa mai lamba A1-15. Kafin nan ka jona ƙaramin tankin hannu in injin ya gyaru. E15 kuma, mai kashi 15 etanol, ko kusa, doka ma ta hana a sa wa jirgin ruwa.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yankan daɓen ne ke ban tsoro wallahi. Injiniya, tsohon tankin dole a fasa shi a fitar, ko za a iya yanke samansa a zaunar da sabon a ciki?