Wane kamfani zan bi wajen sayen injin huda mai batir don aikin gida?

Malamin lissafi, unguwar Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da kayan aiki. Bayan shekara 11 ina zaman haya, Allah ya nufa na tare a gidana a watan jiya, kuma tun ranar da muka shiga ƙananan ayyuka suke ta ɓullowa: sandar labule da ba a kafa ba, kantar littattafai da ke jingine a ƙasa, gadon yara da sukurorinsa suka kwance wajen kwasar kaya, da ƙofar madafa ta ƙarfe wadda ke buƙatar sakata. Duk lokacin da na kira mai gyara sai na jira shi kwana biyu ko uku a kan aikin da bai wuce minti goma ba, har na fara jin nauyin sake kiransa. Shi ya sa nake son in mallaki injin huda mai batir, wanda zai huda kuma ya ɗaure sukuru.

Ranar Asabar na zaga babbar kasuwa ta Maraɗi, na ga Makita da Bosch da DeWalt da Ingco da Total, da wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Wani an rubuta masa 12V, wani 18V, wani 20V, har na ga wanda aka rubuta wa 48V, kuma shi ne mafi arha a cikinsu, abin da ya ƙara rikita ni. Abin da na ware jika 80 ne na sefa. Ɗakunan gidan bulon siminti ne, katangar baya kuwa ta laka ce. Akwai kuma ƙanena da ke Amurka, wanda ya ce zai iya aiko mini da DeWalt ta hannun wani mai zuwa gida. In karɓi tayinsa, ko in saya a nan? Idan a nan ne, wane kamfani ya kamata in bi?

Kafinta, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa gidan zama ne, ya sanya albarka. Sayen injin mai batir kamar aure ne, domin ba yarinyar kaɗai kake ɗauka ba, har da danginta. Kowane kamfani yana da nasa tsarin batir, da nasa zubin bakin da batirin ke zamewa ya shiga, saboda haka batirin Makita ba ya shiga DeWalt, na DeWalt ba ya shiga Bosch, ko da duka volt 18 ne. Ranar da ka sayi injin farko ka riga ka zaɓi inda za ka sayi na biyu da na uku, tunda zarto ko injin yankan ƙarfe da za ka so nan gaba zai fi maka arha idan ka saye shi tsirara, ba batir ba caja, ka riƙa musanya batiran da kake da su.

Na koyi wannan ne da kuɗina. Shekarun baya na sayi wani injin mai kyawun akwati, ba zan kama sunansa ba, ya yi mini aiki shekara ɗaya da ƴan watanni, sai batiransa biyu suka mutu kusan tare. Na bi shaguna ɗaya bayan ɗaya da batirin a aljihu, na ba wani direba ya duba mini a Katsina da Kano, ba a samu mai irin bakinsa ba. Injin lafiyarsa ƙalau, har yau yana nan ƙarƙashin teburin aiki ƙura ta rufe shi, yaran shago suna ajiye ƙusa a cikin akwatinsa.

Daga nan na koma Makita, na tsarin da suke kira LXT, wanda suka fito da shi tun 2005 kuma har yanzu suna ƙera kaya a kansa. Wannan daɗewar ce ta ja hankalina, fiye da ƙarfin injin. Amma ni da shi nake ci, ina huda katako daga safe har la'asar, kuma ba zan ce malamin makaranta mai kafa labule ya kashe abin da na kashe ba. Ingco da Total, waɗanda ake ƙerawa a Sin, sun yawaita a shagunanmu, kuma yawan nan shi ne ƙarfinsu, domin abin da ake sayarwa da yawa ana kawo batirinsa. Idan kuwa Bosch ya burge ka, ka lura da launi: shuɗi na masu sana'a ne, kore na aikin gida, kuma batiransu na volt 18 ba sa shiga juna duk da sunan kamfanin ɗaya ne.

Idan ka koma kasuwa, kafin ka tambayi kuɗin injin ka ce a fito maka da batirinsa shi kaɗai, sabo a kwalinsa, a faɗa maka farashinsa. Idan mai shago ya ce sai an yi odarsa, ka je shago na biyu da na uku ka sake tambaya. Wanda ka samu batirinsa a shaguna uku, shi ne naka.

Mai haɗa sola, unguwar Ali Ɗan Sofo

Malam, abin da Baba kafinta ya faɗa haka yake, ni dai zan ƙara a kan lambobin da suka rikita ka, tunda kai malamin lissafi ne ba za mu sha wahala ba. A cikin batirin akwai ƙwayoyin litiyom guda biyar a jere, kowace tana ba da volt 3.6, wato 18 ke nan idan aka haɗa. Lokacin da aka cire su daga caji kowace tana kaiwa volt 4, jimla 20, amma da an fara aiki sai su sauko. Saboda haka 18V da 20V abu ɗaya ne da suna biyu. DeWalt ma da kansa yana sayar da irin batirin nan a Amurka da sunan 20V Max, a Turai kuma da sunan 18V XR. Shi kuwa wanda aka rubuta wa 48V alhali ya fi kowa arha, ka ɗaga batirinsa ka ji nauyinsa. Kafin a sami volt 48 na gaskiya sai an jera ƙwayoyi 12 ko 13, kuma abin da ke ɗauke da su ba zai yi sakayau a hannu ba.

Lambar da ta fi dacewa ka duba ita ce Ah, wadda ke nuna yawan wutar da batirin ke riƙewa. Volt 18 sau 2Ah ya ba da 36Wh, sau 5Ah kuma 90Wh, Wh ɗin shi ne awon jimlar ƙarfin da ke cikin batirin. Na 2Ah ƙwayoyi biyar ne, na 5Ah yawanci goma ne a layi biyu, shi ya sa ya fi nauyi da tsada. Ga aikin gida ƙananan batira biyu na 2Ah sun fi babba guda ɗaya amfani, domin ɗaya yana aiki ɗaya yana caji, kuma hannunka ba zai gaji ba idan kana huda sama da kanka.

Batun ƙanenka shi ne inda nake son ka yi hattara. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu ta Nijar 220, kuma yawancin cajojin da ake sayarwa can an yi su ne don wutarsu kaɗai. An sha kawo mini irinsu a shago suna warin ƙuna, mai su ya ce yana sokawa ya ji ƙara ɗas, hayaƙi ya tashi. Ka ce ya ɗauki hoton rubutun da ke ƙarƙashin cajar ya turo maka. Idan 120V kawai aka rubuta, to sai ka nemi caja ta 220 a nan ko na'urar rage wuta, kuma kuɗin da ka yi zaton ka tsira da shi zai fara zirarewa. Da a Faransa yake da babu wannan matsalar, tunda wutarsu 230 ce. Sannan mai ɗauko saƙon ya sani cewa batirin litiyom da ba ya jikin na'ura ba a sa shi cikin akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da ake bari ba tare da neman izini ba 100Wh ce, wato na 5Ah mai 90Wh bai haura iyakar ba.

Abu na ƙarshe shi ne zafi, wanda shi ke kashe batira a garin nan fiye da aiki. Ƙwayar litiyom ba ta son caji idan zafinta ya haura digiri 45, mu kuwa a Afrilu da Mayu ko a inuwa muna wuce 40, balle ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana. Ka yi caji da safe ko da dare, kada ka ɗora batirin da ka gama aiki da shi yana da ɗumi a kan caja, kada ka bar shi cikin mota ko a akwatin babur. Idan zai yi wata biyu ba a taɓa shi ba, ka ajiye shi da kimanin rabin caji, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Hajiya mai ɗinki, unguwar Bagalam

Malam, ka gafarce ni in sa baki cikin zancen maza, amma kada masu sana'a su kashe maka kuɗi. Shekara uku ke nan ina da ƙaramin injin 12V wanda ɗana ya saya mini, da shi muka haɗa kantocin shago, muka gyara ƙafar teburin keken ɗinki, kuma ƴan matan da ke koyon aiki suna iya riƙe shi da hannu ɗaya. A wata bai fi in ɗauko shi sau biyu ba, kuma ina zaton kai ma da zarar ka gama ayyukan tarewa haka zai zama. Abin da ya rage daga jika 80 ɗin nan uwargida ta fi buƙatarsa wajen labulen da za a rataya.

Tsohon magini, unguwar Mokoyo

Hajiya ta yi gaskiya a kan katako da sukuru, sai dai Malam ya ce ɗakunansa bulon siminti ne, kuma a nan ƙaramin injin zai ba shi kunya. Ɗana, ka nemi wanda ke da alamar guduma a zoben da ke bayan bakinsa, domin shi ne yake bugawa yana juyawa, kuma da tsinken huda na siminti, wanda mu nan muke kira mesh, zai shiga bulo ba tare da wahala ba. Bakin ya zama mai ɗaukar milimita 13, ba 10 ba. Amma sandar labule a saman taga ake kafa ta, inda aka zuba kankare da rodi, kuma a wurin ko mai alamar guduman sai ya yi ta kuka yana zafi ramin bai kai rabin yatsa ba. Aikin nan na babban injin ne mai bakin SDS, irin wanda magina ke huda kankare da shi, kuma ramuka takwas ko goma ba su isa a saye shi dominsu ba. Ka ara ko ka yi hayarsa na yini ɗaya, ka huda duk tagogin a lokaci guda, ka mayar.

Katangar laka kuwa kada ka kunna mata guduma, domin ramin zai yi faɗi ya zube, robar da ake cusawa ba za ta kama ba. A laka dogon ƙarfe ko guntun katako ake binnewa, sannan a ɗaure abin a jikinsa.

A kan sunaye, abin da nake tsoro shi ne jabu. Sunan da ya fi tsada shi aka fi kwaikwayo, launi da tambari duk a kammale. Idan aka ba ka babban suna a kuɗin ƙaramin suna, da batira biyu da akwati cike da tsinkaye, to ka san biri ya yi kama da mutum. Gara ka sayi na tsakiya na asali a shagon da zai rubuta maka rasit, ya kuma yarda ka gwada a gabansa.

Malamin lissafi, unguwar Zariya

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ƙanena ya turo hoton cajar, 120V aka rubuta ba wani ƙari, don haka na ce ya bar saƙon, ya aiko da abin da ya sauwaƙa a cika. Jiya bayan na tashi daga makaranta na koma kasuwa na yi yadda Baba kafinta ya ce, na tambayi batir kafin injin, kuma na Ingco na tsarin P20S na samu a shaguna huɗu. Na ɗauki mai alamar guduma da batira biyu na 2Ah, mai shagon ya kawo guntun bulo muka huda a bakin ƙofa kafin in biya. Hajiya, an samu canji, kuma ya isa inda kika ce. Gadon yara da sakatar madafa sun kammala tun daren jiya. Saura tagogi biyar, saboda haka idan akwai wanda ya san inda ake ba da hayar babban injin nan kusa da Zariya, ina neman sa ranar Lahadi da safe.